Na rubuta labari a City of Heroes, amma kowa gona yake nema

Auwalu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙorafi, ina kuma neman shawarar waɗanda suka riga ni fara wannan wasa. Na shafe kusan makonni uku ina haɗa labari mai babi biyar da Mission Architect, kayan aikin da 'yan wasa ke rubuta nasu labaran da shi a City of Heroes, wasan jarumai na intanet wanda muke bugawa yanzu a Homecoming, sabar da masoyan wasan ke gudanarwa. Labarin wani dattijo ne mai gadin ɗakin ajiyar kaya a unguwar Kings Row, wanda ɗansa ya shiga ƙungiyar 'yan daba ta Skulls ya daina dawowa gida, shi ne yake roƙon jarumi ya nemo masa shi. A babi na huɗu ne mai wasa zai gano cewa yaron ya yi nisa da shan ƙwayar nan ta Superadine, har jikinsa ya fara rikiɗa zuwa irin na Trolls, korayen 'yan daban da ƙwayar ta rikiɗar. Na wallafa shi tun watan jiya, kuma zuwa yau mutanen da suka buga shi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Ɗaya daga cikinsu ma tauraro biyu ya ba ni, ya rubuto mini cewa abokan gaban sun yi kaɗan, maki ba ya taruwa. Duk lokacin da na shiga ginin Architect Entertainment, inda ake buga waɗannan labarai a cikin wasan, sai in tarar da shi cike da jama'a, amma kowa gona yake nema, wato taswirar da aka gina don tara maki da sauri kawai. Shin akwai sauran amfani mutum ya ɓata lokacinsa yana rubuta labari a wurin?

Malam Habu: Wa alaikumus salam, Auwalu. Ka yi haƙuri, abin da ya same ka ya girmi zamanka a wasan nesa ba kusa ba. Ina cikin waɗanda suka ga ranar da aka buɗe waɗannan gine-gine a watan Afrilun 2009, cikin sabuntawar da suka kira fitowa ta 14. A lokacin wasan ya shekara biyar, domin a Afrilun 2004 kamfanin Cryptic Studios ya fitar da shi ƙarƙashin NCsoft, kuma da yawanmu mun riga mun haddace ayyukan da masu wasan suka rubuta, tun daga na Hellions a Atlas Park har zuwa na Malta da Carnival of Shadows a manyan matakai. Da aka ce kowa zai iya rubuta nasa, ya zaɓi taswira, ya ƙirƙiri abokan gaba da tufafinsu da ƙarfinsu, ya sa musu magana a baki, sai muka ɗauka ƙarshen gajiya ya zo. Cikin kwanakin farko dubban labarai suka shiga. Sai dai ba a yi nisa ba wasu suka lura cewa tunda ana samun maki a cikin labarin ɗan wasa kamar yadda ake samu a waje, to babu abin da zai hana mutum ya cika taswira da abokan gaba masu sauƙin kashewa masu yawan lada. Aka riƙa jera jami'an sadarwar Rikti, wasu abokan gaba a wasan, ɗaki bayan ɗaki, mutum ya tashi daga mataki na ɗaya ya kai na 50 cikin ɗan lokacin da a da ba zai kai shi ko rabin hanya ba. A watan Mayun shekarar Matt Miller, wanda muka fi sani da Positron, babban mai tsara wasan a lokacin, ya fito ya yi gargaɗin cewa za a hukunta masu cin zarafin tsarin. Tun daga ranar ake wannan muhawara.

Bilkisu: Malam Habu, ni ban ga laifin manoma ba, kuma ina faɗin haka ne a matsayin wadda take da gonarta. Ina da jarumai fiye da ashirin, kuma babban daɗin wannan wasa a wurina shi ne gwada haɗin ƙarfi da nau'ukan jarumai daban-daban, yau Controller, gobe Corruptor, jibi Mastermind. Wanda ya bi hanyar Kings Row da Steel Canyon da Talos Island sau goma sha, ba za a zarge shi ba idan a karo na gaba ya hau Brute ɗinsa mai garkuwar wuta, ya shiga taswirar da abokan gaba ba su da makami sai wuta, ya jawo sabon jaruminsa a baya domin ya tara maki. Ba labarin Auwalu na ƙi ba. Lokacin da nake da shi ne kaɗan, kuma idan na samu sa'a guda da dare, na san abin da nake so in yi da ita.

Auwalu: Yaya Bilkisu, ban ce a hana kowa noma ba. Abin da ke ci mini rai shi ne jeri ɗaya muke ciki. Mai neman gona ya faɗa cikin labarina bisa kuskure, bai samu abin da yake so ba, ya ba ni tauraro biyu ya tafi, kuma wannan hukuncin nasa shi ne zai sa mai neman labari ya tsallake ni.

Malam Habu: To, nan ne ainihin ciwon yake, kuma na fi son mu tsaya a kansa fiye da zagin manoma. An ba 'yan wasa kayan rubutu masu kyau, amma hanyar da mai karatu zai bi ya samo marubuci ba ta taɓa yin kyau ba. Ana ba labari tauraro daga ɗaya zuwa biyar, jerin kuma yana fifita wanda ya riga ya tara yabo. Labaran da suka shiga da wuri suka samu masu bugawa, suka hau sama, kuma saboda suna sama sai suka ƙara samun masu bugawa. Wanda ya zo daga baya, idan mutum biyu ko uku na farko ba su ji daɗinsa ba, sai ya nutse a cikin shafukan da ba mai buɗewa. Akwai matsayi biyu na girmamawa, Hall of Fame wanda ƙuri'ar 'yan wasa ke kai labari, da Developer's Choice wanda masu wasan da kansu ke zaɓa, amma ma'aikata nawa ne za su zauna su karanta dubban labarai? Shi ya sa marubuta suka fara taimakon kansu, suna rubuta haruffan SFMA a bayanin aikinsu domin a san na labari ne ba na noma ba. Ka sa waɗannan haruffa a naka kuwa?

Auwalu: Ban sa ba, Malam, domin ban ma san da su ba sai yanzu.

Ɗanjuma: Ku gafarce ni, zan faɗi abin da ba lallai ya yi wa marubuta daɗi ba. Na buga labaran 'yan wasa da yawa, har da masu ɗauke da waɗannan haruffa, kuma mafi yawansu ba su da kyau. Wannan ba zagi ba ne, haka abin yake a duk inda aka buɗe ƙofa ga kowa. Za ka tarar da wanda ya mai da jaruminsa tauraron labari, kai mai wasa ka zama ɗan rakiya kana kallo yana ceton duniya, har Statesman, babban jarumin wasan, yana yaba masa. Za ka tarar da wanda ya rubuta shafi guda cur na tarihin wata masarauta kafin ka harba ko sau ɗaya. Mafi muni kuma shi ne wanda ya ƙirƙiri abokan gaba ya ɗora musu duk ƙarfin da ya ga dama, ya manta cewa waɗanda masu wasan suka tsara an auna su ne da abin da jarumi zai iya ɗauka a kowane mataki. Na taɓa shiga wani labari da Defender ɗan mataki na 12, ƙananan abokan gaba uku na farko da na tarar kowannensu yana da ikon ɗaure ni a wuri ɗaya, ban ko ga fuskar shugabansu ba na haƙura. Saboda haka idan mutum ya ga sabon labari wanda ba kowa ya buga ba ya wuce, ba koyaushe rashin kirki ba ne, wani lokaci tsoron maimaita wahala ne.

Hajiya Rabi: Ɗanjuma ya taɓo abin da nake so in yi magana a kai, sai dai ni na je na buga labarin Auwalu jiya da dare kafin in sa baki, domin kada in yi hukunci a kan abin da ban gani ba. Ƙanena, rubutunka yana da kyau. Maganar dattijon nan a babi na farko, inda yake cewa har yanzu yana barin ƙofar baya a buɗe ko yaron zai dawo da dare, ta tsaya mini a rai. Amma kusan dukkan labarin ka zuba shi ne a cikin jawabin da mai aike, wato wanda ke ba jarumi aikin, yake yi kafin a shiga da kuma bayan an fito. Da zarar an shiga taswira sai labarin ya ɗauke, abin da ya rage shi ne a bi ɗakin ajiya ana kashe Skulls har a kai ƙarshe. Ka tuna cewa ƙungiya a wasan nan tana kai mutum takwas, kuma jagora ne yake tsayawa gaban mai aike, sauran bakwai suna bakin hasken da ake bi a shiga taswira suna jira. Ko shi jagoran, idan ya san mutane na jiransa, dannawa kawai yake yi ya wuce. Abin da kowa yake gani dole shi ne abin da ke faruwa a cikin taswira: maganar da 'yan sintiri ke yi wa juna kafin su hango ka, abin da wanda aka yi garkuwa da shi ke faɗa idan an kwance shi, rubutun da ke fitowa idan ka buɗe akwati, da kwanton ɓaunar da ke tasowa bayan ka taɓa abin da bai kamata ba. Kayan aikin sun ba ka duk waɗannan, har da damar ɗaura wani buri a kan wani, ta yadda shugaba ba zai bayyana ba sai an ceci wani ko an lalata wani abu. A babinka na huɗu, dattijon ne ya gaya mini cewa yaron ya fara rikiɗa. Da ka bari na shiga na ji Skulls biyu suna gulmar wani nasu da ya fara kore yana fasa bango, sannan na tarar da shi da idona a ɗaki na ƙarshe, da babu buƙatar kowa ya yi mini bayani.

Auwalu: Hajiya, na gode ƙwarai, kuma wannan ya fi mini tauraro biyar. Gaskiya na ji tsoron cewa idan na bar muhimmin abu a bakin 'yan sintiri, mai wasa zai iya kashe su kafin su gama magana.

Hajiya Rabi: Zai iya, shi ya sa ake faɗin muhimmin abu sau biyu ta hanyoyi daban, sau ɗaya a bakin mutum, sau ɗaya a takardar da za a tsinta wadda take zama a jerin bayanan mai wasa ya karanta lokacin da ya so. Sannan ka rage girman taswirar babi na uku. Babu dalilin da zai sa a yi hawa huɗu ana neman akwati ɗaya.

Sagir: Ni matsalata da abin ta sha bamban da taku, kuma tun farko take damuna. A cikin labarin wasan kansa, Architect Entertainment kamfanin nishaɗi ne wanda Dr. Aeon da kamfanin Crey ke bayansa, kuma duk abin da ka shiga ka yi a ciki kwaikwayo ne na na'ura. Mai aiken ma hoton haske ne yake tsaye a gabanka. Wato jarumina, wanda ya kamata a ce yana titi yana kare mutanen Paragon City, birnin da wasan ke gudana a ciki, ya shiga wani gini yana buga wasa a cikin wasa. To idan dattijon Auwalu ba ya wanzu ko a cikin duniyar wasan, me zai sa in damu da ɗansa? Kuma duk wanda ya san Crey a wasan nan ya san ba kamfanin da jarumi zai miƙa wa ƙwaƙwalwarsa ba ne.

Malam Habu: Sagir, ka yi gaskiya ta wani ɓangare, amma ka duba abin da wannan dabara ta warware musu. Da sun ce labaran 'yan wasa gaskiya ne a cikin duniyar, da a mako guda an kashe Lord Recluse, babban mugun wasan, sau ɗari, an rusa Atlas Park sau hamsin, an aurar da rabin jaruman birnin. Da suka ce kwaikwayo ne, sai kowa ya samu 'yancin rubuta abin da ya so ba tare da ya taɓa asalin tarihin ba. Akwai kuma wata damuwar da ta fi wannan nauyi a wurinsu. A Nuwamban 2004 kamfanin Marvel ya kai NCsoft da Cryptic kotu, yana cewa na'urar ƙirƙirar jarumai ta wasan tana ba mutane damar kwaikwayon jarumansa, kuma sai a Disamban 2005 aka sasanta. Kamfanin da ya sha wannan ba zai buɗe wa dubban mutane ƙofar rubutu ba sai da shinge, shi ya sa aka hana amfani da sunaye da siffofin da wasu ke da haƙƙin mallakarsu, aka kuma sa hanyar kai ƙarar labarin da ya keta doka. Ni dai da zarar na shiga taswira mantawa nake yi da zancen na'ura, kamar yadda nake mantawa cewa wasan gaba ɗayansa a kwamfuta yake.

Sagir: Na karɓi hujjar shari'ar, Malam, amma ban janye ba. Har yanzu da za a ce in zaɓa, na fi son a ɗauki labarai ƙalilan da suka yi fice a mai da su na gaske, a ba su mai aike a kan titi kamar kowane.

Bilkisu: Ina so in koma kan maganar lada, domin akwai abin da ake yawan mantawa. Duk lokacin da aka tashi gyara don a takura wa manoma, marubuta ne suke fara jin zafin. A fitowa ta 16, a Satumban 2009, an rage makin da ake samu daga abokan gaban da ɗan wasa ya ƙirƙira idan ba su cika wasu sharuɗɗa ba, misali ƙungiyar da ba ta da ƙanana da matsakaita da shugabanni gaba ɗaya. Manomi bai damu ba, kwana biyu ya zauna ya gano sabon haɗin da zai ba shi cikakken lada, domin aikinsa ke nan. Marubucin da ya ƙirƙiri ƙungiyar mutane marasa ƙarfi saboda haka labarinsa yake buƙata, shi ne ya wayi gari aikinsa ba ya biyan wanda ya buga. Kuma ko tikitin da ake samu a ciki maimakon kayan da ke faɗowa a waje, wanda ake zuwa a canza a wurin mai sayarwa a cikin ginin, manomi ya fi kowa sanin yadda ake tara shi.

Ɗanjuma: Wannan gaskiya ne, kuma ba a wasan nan kaɗai ba. Cryptic, bayan sun sayar wa NCsoft da City of Heroes a 2007, sun sake gwada irin wannan a Star Trek Online da Neverwinter da wani tsari mai suna Foundry. Can ma an yi ta fama da masu gina wurin tara lada, an yi ta rage lada ana ƙarawa, kuma a Afrilun 2019 aka rufe tsarin a wasannin biyu, labaran da mutane suka shekara suna ginawa suka daina buɗuwa. Idan ka cire lada gaba ɗaya ba mai shiga, idan ka bar shi daidai da na waje kuma gona ce za ta cinye wurin. Ban ga wanda ya samo tsakiyar ba tukuna.

Hajiya Rabi: Tunda an ambaci rufewa, Auwalu, ka adana kwafin labarinka a kwamfutarka, kada ka dogara da wanda ka wallafa kaɗai. Mu da muke nan ranar 30 ga Nuwamban 2012, lokacin da aka kashe wasan bayan sanarwar da aka yi a ƙarshen Agusta ta rufe Paragon Studios, masu kula da wasan a lokacin, mun san darajar wannan. Ina da labarai uku a lokacin, domin gurbi uku ake ba kowane asusu sai dai idan ka sayi ƙari. Biyu suna cikin kwamfutata, na uku kuwa na yi ta gyara shi a kan wanda na wallafa ban sabunta na gida ba. Da wasan ya dawo ta hannun masoyansa a 2019 na mayar da biyun, na ukun kuma har yau abin da nake iya tunawa daga cikinsa bai wuce sunan mai aiken da ƙarshen babi na biyu ba. Yanzu da Homecoming ta samu lasisi daga NCsoft a Janairun 2024 hankali ya ɗan kwanta, amma ni dai ban daina ajiye kwafi ba.

Malam Habu: Allah ya kyauta, Hajiya. Auwalu, game da tambayarka ta farko, ni ina ganin kuskuren shi ne ka zauna kana jiran jerin ya kawo maka mutane, alhali ba a gina shi don haka ba. Labaran da na ga sun rayu, marubutansu ne suka riƙa haɗa ƙungiya da kansu, suna sanarwa cewa za a buga labari a hankali kuma za a tsaya a karanta, duk mai gaggawa ya nemi wani wuri. Mutum biyar da suka san abin da suka zo yi sun fi ɗari da suka faɗo bisa kuskure. Kuma ka rubuta a bayanin labarin cewa na ƙananan matakai ne, domin wanda ya zo da jarumi ɗan mataki na 50 za a sauke shi zuwa matakin Skulls, ya rasa yawancin ƙarfinsa, ya fita yana jin haushinka.

Auwalu: Na ji duka, kuma na gode. Zan cire bayanin rikiɗar daga bakin dattijon in mayar da shi cikin taswira, in canza babi na uku zuwa ƙaramin ɗaki, in sa haruffan nan da matakin a bayani. Abu ɗaya ne ban yanke ba: a babi na biyar, shin mai wasa ya yaƙi yaron ne a matsayin shugaba, ko ya same shi a matsayin wanda za a raka zuwa ƙofa alhali Trolls suna kawo hari don su ƙwace shi?

Ɗanjuma: Rakiya ta fi dacewa da labarin, amma ka gwada ta sau da yawa kafin ka wallafa, domin waɗanda ake rakawa a wasan nan sun iya maƙalewa a bayan akwati su ƙi motsi, kuma idan ka sa faɗuwarsa ta zama faɗuwar aikin gaba ɗaya, ka tabbata harin bai fi ƙarfin mai wasa shi kaɗai ba.

Bilkisu: Idan ka gama gyaran ka sanar da mu ranar. Ina da wata sabuwar Scrapper 'yar mataki na takwas da na yi niyyar kaiwa gona a ƙarshen mako, zan riƙe ta a haka har sai mun buga naka.

Hajiya Rabi: Ni ma zan zo da Defender, domin a samu mai warkar da yaron a hanya. Auwalu, ka turo lambar labarin idan ta canza bayan ka sake wallafawa.